Godiya ga sashen haruffa na SIL, masu Alkalami

Zuwa ga ma'aikatan sashen ƙera haruffa na SIL, ƙungiyar nazarin harsuna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Ni mai zane ne a kwamfuta a nan Kano. Tambarin kaya nake yi, da sitikar kwalba, da allon shago, da katin ɗaurin aure. Na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a saboda haruffan ajami na kwamfuta masu suna Alkalami da kuka fitar a 2017, waɗanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana bisa salon rubutun hannu na Kano.

Mai zuma ko mai turaren wuta idan ya ce a sa masa sunan kayansa da ajami, ba kowane ajami yake nufi ba. Wanda ya koya a allo yake nufi, mai kauri, mai cike da tawada, kamar yanzu aka ɗaga alƙalamin kara daga kansa. Haruffan Larabcin da ke zuwa da kwamfuta kuwa sirara ne, irin na bugun Misira, fa da ɗigo a sama, ƙaf da ɗigo biyu. Mu a warshu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Dattijo na kallon takarda zai ture ta ya ce, "Wannan ai ba namu ba ne."

Da, sai mu kai wa alaramma ya rubuta, mu ɗauki hoto, mu zauna a manhajar zane ta CorelDraw muna bin gefen kowane harafi muna share dattin takarda. Kalma ɗaya ta canza, an koma farko. Yanzu bugawa nake yi, in ƙara girma ko in rage, wasula na zaune a inda ya kamata, har ɗigon nan na ƙasa da ke ba da sautin "e". Alarammomi ba su rasa aikinsu ba, domin tambarin da ake so ya zama babu irinsa har gobe hannunsu yake nema. Amma aikin yau da kullum ya yi sauƙi ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni shi ne kun saki Alkalami kyauta, da lasisin da ya halatta a yi kasuwanci da shi, ga shi kuma a Google Fonts, rumbun haruffan kyauta na Google a intanet. Yaron shago mai koyon aiki ma zai sauke ba tare da ya biya ko sisi ba.

Abokan sana'a, ku lura da abu ɗaya: Alkalami na da kauri, sunan kaya da kanun rubutu ya fi dacewa da su. In aka ƙanƙance shi don jerin sinadarai a bayan kwalba, ɗigogi kan haɗe, musamman a kan leda.

Ina da roƙo kuma. A ɓangaren boko, yawancin haruffa masu kama da rubutun hannu ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai mu riƙa ɗora musu lanƙwasa da kanmu. In da hali, a duba mana wannan.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai zane daga Kano