Kun bar jaki kuna dukan taiki a shirin ranar Lahadi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na ranar Lahadi bai yi mini daɗi ba, kuma gara in faɗa. Kusan rabin awa baƙonku ya kwashe yana yi wa ƙartin Turai da Amurka dariya, wai ga mutum da gemu har ƙirji yana kwana a ɗakin da aka yaye shi, yana buga wasan bidiyo, uwarsa na wanke masa kaya. Mai gabatarwa na taya shi ƙyaƙyatawa. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce lalaci ne da sangarta, aka wuce. Daga farkon shirin har ƙarshensa ban ji an ambaci kuɗin haya ko sau ɗaya ba.

Jinkirin aure da barin gidan iyaye akwai shi, ban musa ba. A Amurka a 1960 namiji kan yi auren fari yana da kusan shekara 23, mace 20. Yanzu namiji sai ya kai 30, mace 28. A watan Yulin 2020, lokacin korona, cibiyar bincike ta Pew ta gano kashi 52 cikin 100 na masu shekara 18 zuwa 29 suna zaune gidan iyayensu. Dalilin da ya bayar ne ya ɓata mini rai, don da ya ɗauki biro ya yi lissafi da bai faɗe shi ba.

A Ingila a 1997, matsakaicin gida yana daidai da albashin ma'aikaci na kusan shekara uku da rabi. A 2023 ya haura albashin shekara takwas: gida wajen fam 290,000, albashi wajen fam 35,000. Banki kuwa galibi ba ya ba da bashin sayen gida fiye da ninki huɗu da rabi na albashin mutum. Ninka 35,000 sau huɗu da rabi, ka sami 157,500. Saura fam 132,500. Daga ina ɗan shekara 27 zai fito da su? Ko dai a haɗa albashin mutum biyu, ko iyaye su sa hannu a aljihu, abin da su kansu Turawan suke wa laƙabi da bankin uwa da uba. Kuma ko an haɗa albashin biyun, sai an ajiye kuɗin kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100, wato fam 29,000, ban da kuɗin lauya da na mai duba lafiyar gini.

To ya kama haya mana, in ji baƙon naku. Mu je hayar. Dillalan gidaje a can sukan nemi albashin shekara ya kai ninki 30 na hayar wata. A ce hayar fam 1,200 ce, ana son mai albashin 36,000 ke nan, matsakaicin ma'aikacin nan namu ma bai kai ba. In bai kai ba sai ya kawo wanda zai tsaya masa, kuma wa zai tsaya masa in ba uban da ake cewa ya rabu da shi ba? Sannan kuɗin ajiya na mako biyar, wanda shi ne iyakar da dokar haya ta Ingila ta 2019 ta yanka, da hayar wata guda a gaba. Kusan fam 2,600 kafin ya taɓa makulli. A birnin New York ma albashin da ya kai ninki 40 na hayar wata ake nema.

Ga kuma bashin karatu a wuya. Kafin 1998 ɗalibi a Ingila ba ya biyan kuɗin jami'a. A 2012 an kai shi fam 9,000 a shekara. Da albashin wanda ya ci bashin ya haye matakin da gwamnati ta sa, ana zare kashi 9 cikin 100 na abin da ya ɗoru a kai tun kuɗin bai iso hannunsa ba, kuma banki na la'akari da wannan cirewar in ya zo neman bashin gida.

Yanzu a sake duban mai gemun nan da ake wa dariya. In ya zauna gidan uwarsa yana ajiye fam 1,200 ɗin da zai ba mai gida duk wata, cikin shekara biyu ya haɗa kusan 29,000. In ya fita haya don kada a ce masa yaro, hannu baka hannu ƙwarya zai yi ta yi har furfura. Wanne ne mai hankali a cikinsu?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka haɗa Turai duka aka yi mata kuɗin goro. A Finland da Sweden matashi kan bar gidan iyaye yana da shekara 21 ko 22. A Italiya da Sifaniya sai wajen 30, a Kuroshiya ma ya wuce haka. Waya iri ɗaya suke riƙewa, wasan bidiyo iri ɗaya suke bugawa. Bambancin shi ne ɗalibi a Finland gwamnati na ba shi alawus da tallafin haya, ga gidajen ɗalibai masu sauƙi, yayin da a Sifaniya a 2013 fiye da rabin matasan da ke neman aiki ba su da shi. Ga kuma al'adar kudancin Turai ta zaman iyali wuri guda, wadda ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Mu da ake yanka wa ango sashe a gidan ubansa, ya haihu a nan ya aurar a nan, mu ne za mu auna girma da barin gida?

Batun kayan wasa kuwa, wanda ya taso da na'urar wasan bidiyo ta Nintendo a shekarun 1980 yau ya haura arba'in, yana da 'ya'ya, yana biyan haraji. Wasan fam 60 ba shi ya hana shi gidan fam 290,000 ba. Magidanta nawa ne a nan suke kai wa sha ɗayan dare a gidan kallon ƙwallo ko kan ludo, wa ya ce musu yara?

Ban ce babu sangartattu ba. A 2023 wata tsohuwa mai shekara 75 a garin Pavia na Italiya ta maka 'ya'yanta maza biyu a kotu, ɗaya 40 ɗaya 42, duk suna aiki amma ko sisi ba sa sakawa a cefane, alƙali ya ce su tattara su fita. Waɗannan kam ci-ma-zaune ne. Sai dai don abin baƙo ne ya sa ya shiga jaridun duniya. Tsohon ministan kuɗin Italiya Tommaso Padoa-Schioppa ya taɓa yin irin kuɗin goron baƙonku a 2007, ya kira matasan ƙasarsa bamboccioni, wato ƙattin jarirai, kuma ya sha suka daga waɗanda ke fama da aikin kwantiragi na 'yan watanni.

Tun da na ɗauki biro bari in ƙara da wannan. Kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin magana ya yi ƙarfi. A ƙaramar rediyo mai batir ganga ce ke fitowa sama, muryar mai magana na can ƙasa, adadi kuwa in an faɗa ba a jin rabinsa. Ku ce wa mai kula da na'ura ya rage, ko ya kashe shi gaba ɗaya in an fara hira.

In za ku sake taɓo maganar nan, don Allah ku gayyato wanda ya san farashin haya a Landan da Madrid, ku ajiye masa biro da takarda.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Zariya