Masu Zuwa Zanzibar Aikin Sa-kai, Ku San Halin Teku Kafin Ku Biya Kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku in ja kunnen matasanmu na Gombe da ke marmarin zuwa Zanzibar, tsibiran ƙasar Tanzaniya, hutu haɗe da aikin sa-kai. Masu tallar tafiyar suna nuna farin yashi da jiragen katako masu tafiya da iska, amma ba sa yi wa kowa bayanin ruwan. Wanda ya iya iyo a Dadin Kowa ya san ruwan dam ne kawai. Teku kuwa tana cika tana janyewa.

Sau biyu take cika a rana, sau biyu take janyewa, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Cika mafi ƙarfi tana zuwa ne a tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 15 ga wata, lissafin da ba ya ba mu wahala mu da muka saba duban wata. A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan ja da baya nesa ƙwarai, har mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku da ƙafa. Nan baƙo yake ruɗuwa. Sai ya yi ta tafiya yana ɗaukar hoto, ruwa kuma ya dawo ta kwaruruka ya cike bayansa kafin ya ankara. Don haka a duba jadawalin cikar ruwa kowace safiya, a juyo da zarar ruwa ya fara dawowa. A kuma sa takalmin roba, domin akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya a maƙale cikin duwatsu, ƙayarta na karyewa ne a cikin tafin ƙafa. A Nungwi da Kendwa da ke arewa ruwan ba ya janyewa sosai haka.

Sai rigar kariya daga nutsewa, ta masu shiga jirgin ruwa. A karɓe ta tun jirgi yana bakin gaɓa, a sa, a ɗaure igiyoyinta duka, sannan wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta haura kunnuwa, ta yi yawa, a sake wata. Ba a sa wa yaro ta manya, ficewa zai yi ta ƙasa. Tufafi ma abin lura ne: doguwar riga, zane da babban hijabi in sun sha ruwa sai su yi nauyi su naɗe ƙafafu. Yawancin mutanen Zanzibar Musulmi ne, babu mai kallon banza ga wadda ta sa kayan iyo masu rufe jiki. In matuƙi yana ta ƙara mutane, a sauka ko da an biya. Lodi fiye da kima ne ya nutsar da jirgin Spice Islander a watan Satumban 2011 tsakanin Unguja da Pemba, aka rasa rayuka masu yawa.

Wanda ruwa ya fizga zuwa ciki yana iyo, kada ya yi ja-in-ja da shi, gajiya ce ke kashe mutum. Ya yi iyo gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan, sannan ya nufo waje.

Daga Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ce ke kaɗowa daga arewa maso gabas, daga baya ta kusi ta karɓa daga kudu. Ruwan sama mai yawa kuma Maris zuwa Mayu ne, shi ya sa ake karya farashi a lokacin. Mai jiri ya sha magani kamar awa ɗaya kafin tashi, ya zauna tsakiyar jirgi, ya daina latsa waya, domin daga birnin Darussalam na Tanzaniya zuwa Zanzibar tafiyar kusan awa 2 ce a jirgin ruwa. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska kuwa ya bari awa 24 ta wuce kafin ya hau jirgin sama, saboda iskar da ta taru a jininsa.

Batun takardu shi ya fi damuna. Bizar yawon buɗe ido ba izinin aiki ba ce, ko da aikin kyauta ne. A nemi ƙungiyar ta turo wasiƙar gayyata da shaidar rajistarta, ta faɗi irin izinin da za ta nema, ta kuma rubuta nawa ne kuɗin masauki, nawa ne ke shiga aikin. A tanadi katin rigakafin shawara, da inshorar da hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024. Ƙungiyar da ta ce a turo kuɗi tukuna, takardu sa biyo baya, a bar ta.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Gombe.