Nana, Rage Kayan Nan Kafin Ku Taso

Istanbul, 3 ga Satumba

Assalamu alaikum, Nana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Inna da Baba da kowa na gida. Yaya gwiwar Inna? Yaya damina, ta fara ja da baya ko har yanzu hanyar Mabera sai an naɗe zani? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ummi ta fara rarrafe, ba abin da take bari a ƙasa. Babanta yana gaishe ku.

Na ga hoton da kika turo mini a WhatsApp jiya da dare, na kayan da kika shimfiɗa a gadon Inna. Sai da na ƙirga: leshi 5, shadda 3, atamfa kam na gaji da ƙirga, takalma masu tsini ƙafa 2, ga kuma wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya da na tabbata daga wurin 'yan gwanjo ta fito. Na yi dariya har Baban Ummi ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Ke Nana, biki za ki zo ko Rasha za ki? Shi ya sa na zauna na rubuto miki, don saƙon murya kina ji ne ki manta, wannan kuwa kya karanta wa Inna ki kuma ajiye kusa da akwati. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda muka tsara. In kun sauka, Inna za ta huta ta ga likita, sannan ranar 26 ga wata mu tafi tsibirin mu yi kwana 3. Sunansa Buyukada, ma'anarsa da Turkanci babban tsibiri, shi ne mafi girma a cikin tsibiran da ke tekun Marmara daura da Istanbul, amma girman nasa bai wuce murabba'in kilomita 5 da 'yan kai ba. Mun kauce wa ranar 24 da gangan, don a ranar masu ziyarar wata tsohuwar majami'a da ke kan dutsen tsibirin suke cika jirage.

Abin da ya ruɗe ki na san shi: an ce miki kaka ce, kin kuma ji an ce Turai. Kakarsu ba irin tamu ba ce. Tamu ana yankan gero ana gumi, ruwa ya ɗauke, ɗari bai zo ba, ga zafi mai naci. Tasu kuwa zafi ne yake sallama. A ƙarshen Satumba rana takan tsaya wajen digiri 23 zuwa 25, da dare ta sauko wajen 16 ko 17. Ke da kika sha 42 a watan Afrilu ba wutar lantarki, ranarsu ba za ta ce miki komai ba. Darensu kuwa kamar asubahin hunturunmu ne, lokacin da Inna take cewa a kawo mata kasko, sai dai babu ƙura babu bushewa, akwai laima a cikin iskar. Saboda haka kwat ɗin nan ki mayar wa mai ita, ko ki ajiye ta sai ranar da Allah ya kai ki inda ƙanƙara take zuba. A rana guda za ki ji ɗumi da hantsi, ki ji sanyi bayan la'asar, abin da ke aiki shi ne riga mara nauyi da suwaita da za ki ɗora ki kuma cire ki cusa a jaka.

Sanyin ma ba shi ne abin ji ba. Iska ce. Wannan ban ji a bakin kowa ba, a jikina na gani.

Shekarata ta farko a nan, ran da muka fara zuwa tsibirin, na ci ado kamar mai zuwa kamu. Atamfa riga da zani, ɗauri ya zauna, ga gyalen shifon ruwan zuma da Gwaggo ta sa mini a kayan aure, na yafa shi a kafaɗa yadda muke yi a gida, ba fil ko ɗaya. Muka shiga jirgin ruwa a tashar Kabatash. Tafiyar takan ci kamar awa ɗaya da rabi, jirgin yana tsayawa a ƙananan tsibiran kafin ya kai babban. Na ce ni a waje zan zauna in ga ruwa, ni da iyakar ruwan da na sani gulbin Rima a gadar Kwalkwalawa. Mutane suna gutsurar wani burodi mai riɗi da suke kira simit suna jefa wa fararen tsuntsayen teku, su kuma suna cafewa a sama. Na miƙe zan jefa nawa. Ɗaga hannun da zan yi, iska ta zare gyalen daga kafaɗata kamar wadda aka aiko. Ina kallonsa ya yi sama, ya buɗe, ya kwanta a kan ruwa can baya. Kafin in gama salati zani ya fara buɗewa. Hannu ɗaya a ɗankwali, ɗaya a bakin zani, haka na ja da baya na zauna. Wata tsohuwa Baturkiya da ke gefena ba ta ce uffan ba, ta buɗe jakarta ta ciro mayafin ulu ta lulluɓa mini, ta kama bakinsa da fil ɗinta a ƙarƙashin haɓata kamar ɗiyarta. Har yau ban faɗa wa Gwaggo ba, ke ma ki riƙe bakinki.

Tun daga ranar na san me ake sawa. Gyale mai santsi da mara nauyi ki bar shi a gida. Ki zo da mayafai 3 na auduga ko na jesi, irin mai ɗan miƙewa da yake kama kai, da hular ciki 2, da fil masu yawa. Babban hijabin nan namu mai kai wa har ƙasa yana da kyau wurin salla, amma a bakin teku iska cika shi take ya kumbura, ki yi ta kokawa da shi. Mai tsayawa a gwiwa ya fi. Laffaya kuwa, duk son da kike mata, kada ma ki fara. Zanin ɗaurawa haka. In atamfa ce, to doguwar riga ko riga da siket, kuma ko me kika sa, ki sa dogon wando mai kama jiki a ciki. Yana tare sanyi, yana rufa asiri wurin hawa da sauka daga jirgi.

Na san abin da Inna za ta ce in kin kai nan: "Mi za ni yi da wando, ni da tsuhwata?" Ki ce mata ba mai gani, ƙarƙashin zani yake, kuma gwiwar nan tata ba ta son sanyi. In ta ƙi, ki sako shi a akwatinki, ni na san dare ɗaya zai sa ta nema da kanta.

Kada ki ɗauka cewa nake ki watsar da kayanmu. Atamfa a nan kwarjini gare ta. Duk ranar da na sa, sai wata ta tare ni tana mashaAllah tana shafa hannun rigar. Ki zaɓi 2 masu haske da ba sa neman guga sosai. Shadda ce matsala: ga nauyi, ga sitaci, kafin ta fito daga akwati ta yi layi-layi, kuma ba lallai a samu dutsen guga a masauki ba. Leshi ɗaya tak ya isa, na ranar da matan 'yan'uwanmu na nan za su zo gaida Inna, shi ma a gidana zai zauna ba zai ga tsibiri ba. Abaya 2 marasa duwatsu, irin wadda za ki wanke da dare ki shanya ta bushe kafin safiya. In da hali kada duka su zama baƙaƙe. Garin nan na mussoshi ne, ko'ina suna nan, kan kujerar gidan shayi, bakin masallaci, kuma ba a korarsu. Kina zama ɗaya za ta haye cinyarki ta bar miki gashi a baƙar abaya.

Sai takalmi, kuma a nan ne nake so ki ji maganata ko da kin ƙi jin sauran. A tsibirin ba a yarda da motocin mutane ba. Da can keken doki ake hawa, aka hana shi a 2020 bayan wata cuta ta kama dawakan, aka kawo motoci masu aiki da batir. Waɗannan motocin Inna za ta hau, kuma akan yi layi kafin a samu. Mu kuwa ƙafa ce, kuma garin hawa da gangara ne. Dutsen da na gaya miki tsayinsa ya kai wajen mita 200, hanyar hawansa shimfiɗar duwatsu ce mai tsauri, amma in kika kai sama za ki ga teku ta kowane gefe da Istanbul can nesa, ga ƙamshin itatuwan da suka rufe tudun. Na taɓa hawansa da takalmi mai rufi sabo fil. Da na sauko sai da na nemi filasta, kwana 4 ina taka dunduniya kamar mai kaushi. Ki sayi kambas yanzu, ki riƙa sa shi kina zuwa makaranta da kasuwa har ya saba da ƙafarki. Inna ki nemo mata mai taushi mara igiya, wanda za ta zura ta cire ba sai ta sunkuya ba, don shiga masallaci. Safa ƙafa 4 kowa. Silifas ɗaya na banɗaki da alwala. Masu tsinin nan ki ba Hadiza aro, ta daɗe tana kallonsu.

Maganar masallaci, akwai na Hamidiyya a tsibirin, tun zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu, da wurin mata. Ki gaya wa Inna alƙibla a nan kudu maso gabas take, kada ta ga mun juya ta ce mun ɓata. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa 2, magariba wajen ƙarfe 7 take yi a lokacin da za ku zo. Wani abin da zai ba ta dariya: duk dattijuwa a nan teyze ake ce mata, wato 'yar'uwar uwa. Kin ga ke nan ko a Turkiyya sunanta Inna.

Kin tambaye ni a ɓoye ko ana shiga ruwa. Ana shiga, don ruwan yana riƙe ɗumin bazararsu har ƙarshen Satumba. Akwai kayan wanka na mata masu rufe jiki duka har kai, a nan hashema ake ce musu, ina da ɗaya zan ba ki. Amma ke da ba ki iya iyo ba, iyakarki gwiwa, kuma ba a gaban Inna ba.

Babban akwati ba zai bi mu tsibiri ba. Daga tashar jirgi zuwa masauki da hannu ake jan kaya a kan tudu, ni kuma ga goyo. Kowa ƙaramar jaka ɗaya: kaya kala 3, suwaita, kayan barci masu dogon hannu, hijabin salla, magungunan Inna a kwalayensu tare da takardar likita. Ki haɗa da 'yar jakar ratayawa mai zif don fasfo da waya. Lema kada ki wahala, in ruwa ya zo da iska juya ta yake, ina da rigar ruwa. Man kaɗe ki zo da shi, iskar teku tana busar da leɓe. Cajarki mai baki 3 ba za ta shiga soket ɗinsu ba, nasu ramuka 2 ne zagayayyu, amma na saya muku abin haɗawa.

Humra da turare ki naɗe su cikin leda biyu ki tura tsakiyar kaya a babban akwati. Duk ruwan da ya wuce mililita 100 ba a barinsa a jakar hannu, kina ji kina gani za a karɓe. Ki duba kilon da aka rubuta a tikitin Sakkwato zuwa Abuja, don jiragen gida ba su ba da kilo kamar na waje, a nan mutane suke biyan kuɗin da ba su shirya ba. Lalle kuma, in ba a riga an ɗauki hoton yatsunku ba, ki bar kan yatsu fari. Ƙafa da bayan hannu ki zuba yadda kike so.

Wurin da leshi da shadda suka bari, kada ki cike shi da wasu kayan sawa. Abaya da mayafin da ake kawo muku kasuwa ana cewa 'yan Turkiyya, ai daga nan ake saro su, a Laleli da Fatih. Ki zo da su nan kamar kai albasa Aliero ne. Zan kai ki ki zaɓa da idonki, har tsarabar Gwaggo, wadda ni na san dalilin da zai sa in saya mata gyale ruwan zuma. Abin da nake so a wurin shi ne kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin Inna, garin kunun tsamiya, da daddawa. Daddawar ki sa ta a roba mai murfi ki naɗe da leda uku, in ba haka ba har abayarki sai ta yi ƙamshin miya. Kilishi ki bar wa Baba, nama ba ya wucewa a filin jirgi.

In kin gama ragewa ki sake shimfiɗa kayan a gado ki turo mini hoto in gani. Ki auno mini ƙafar Inna da tsawon hannunta, akwai wata suwaita mai maɓalli da na gani ina so in saya mata kafin ku iso.

Ki gaida Baba da kyau, ki ce ya sa mu a addu'a. Ki gaida Gwaggo, da Kawu, da su Hadiza, da mutanen gidan Malam. Allah ya kawo ku lafiya.

Yayarki,
Maman Ummi