Mai kwamfuta a gefe ya fi ƙarfin gwanin ces

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ake yi game da wasan dara na ces, wato ko ɗan wasan da kwamfuta ke dafa masa zai iya ja da manyan gwanayen da ba su da abin dogaro sai ƙwaƙwalwarsu. A ganina an daɗe da raba wannan gardama.

Bayan da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran ces na duniya a lokacin, a birnin New York a 1997, shi kansa Kasparov ne ya kawo shawarar a haɗa mutum da kwamfuta a ɓangare guda. An gwada hakan a garin León na Sifaniya a 1998, inda Kasparov ya kara da wani babban gwani, Veselin Topalov, kowa da kwamfutarsa, aka tashi 3 da 3, alhali kuwa wata guda kafin nan ya lallasa Topalov 4 da nema a wasan gaggawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gasar da aka yi ta intanet a 2005, wadda aka yarda kowa ya nemi taimakon da ya ga dama. Wasu Amurkawa biyu da ba su kai ko kusa da matsayin ƙwararru ba, suna aiki da kwamfutoci uku, su ne suka lashe ta, suka bar manyan gwanaye a baya, domin sun iya gwada shawarar wannan manhaja da ta waccan, sun kuma san inda ya kamata a zurfafa lissafi.

Yau ratar da ke tsakanin mutum da kwamfuta ta wuce haka nesa ba kusa ba. A ma'aunin ƙarfin 'yan wasan ces, maki mafi yawa da Magnus Carlsen, tsohon zakaran duniya, ya taɓa samu shi ne 2882, ana kuma ƙiyasta ƙarfin manhajar ces ta Stockfish sama da 3500, ga shi kyauta ake sauke ta. Har ina shakkar ko akwai sauran abin da mutum zai ƙara mata.

Abin da ke damuna shi ne maguɗi. A 2019 an ɗauki hoton ɗan wasa Igors Rausis a banɗaki da waya a hannu ana tsakiyar gasa a birnin Strasbourg na Faransa, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta dakatar da shi shekara 6, ta kuma ƙwace masa muƙaminsa na babban gwani. Gwani ba ya buƙatar a gaya masa kowane motsi. Leƙe ɗaya ko biyu a inda wasa ya rikice sun ishe shi cinye wanda ya shekara ashirin yana wahalar koyo. Saboda haka ina kira ga masu shirya gasa, manya da ƙanana, su riƙa karɓe wayoyi tun daga bakin ƙofa, su kuma jinkirta nuna wasanni kai tsaye a intanet.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku