Zuwa ga ƙanena mai neman dabarar hira da mawaƙa

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ran Lahadi a filin masu saurare ka kira sunana, ka ce: "Yaya, me ya sa in na yi hira da mawaƙi ba ya ba ni komai sai godiya ga Allah da jerin sunayen iyayen gidansa?" Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na saurari hirarrakinka biyu. Dukansu da tambaya ɗaya ka buɗe su: "Yaushe ka fara waƙa?" An yi wa mawaƙi ita sau ɗari, amsar tana aljihunsa. Zai ce gado ne, ko baiwa ce, daga nan ya zarce gaishe-gaishe. Kada ka ga laifinsa. Yabo ne abincinsa, kai kuma ka miƙa masa makirfo da duk Maradi ke ji, har Tsibiri da Madarunfa.

Ni ɗan waƙa guda, wato baiti ɗaya, nake ɗauka, ba waƙar duka ba. In rera masa shi yadda na ji, ko da muryar tawa ta gwangwani ce, in ce: "Nan wurin ban gane ba." Mawaƙi ba ya jure a karya masa waƙa. Zai gyara maka, cikin gyaran kuma sai labarin ya ɓalle: inda aka yi ta, wanda ya ba da doki, wanda ya hana ko dala. Amma sai ka yi aikin gida. Ka bambance gindin waƙa, wato amshin da ake maimaitawa, da ɗiyanta, wato baitocinta. Ka san kotso daban, kalangu daban. Da kalangu aka san Shata, Ɗanƙwairo da kotso, Ɗan Maraya da kuntigi. In makaɗin fada ne, sarakunan Katsinar Maradi tun daga Ɗan Kasawa suna bakinsa, kai ma su kasance a naka. In na ƴan kokowa ne, kada ka zauna gabansa ba ka san Kantu namu na Maradi ne ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975 ba.

Ka je da wuri ka sha shayi da ƴan amshi. Su ke riƙe da abin da maigida ya manta, wani lokaci har da abin da yake so a manta.

Sai zambo da habaici. Ina sabon shiga na taɓa tambayar wani dattijon makaɗi, kai tsaye ake jin mu, da wa yake a wani habaicinsa. Ya dube ni ya ce waƙa ba ta da mai ita, daga nan ko tari bai ƙara ba, minti goma ina ta kame-kame ni kaɗai. Ya yi gaskiya, mutumin yana raye, ƴaƴansa na saurare. Yanzu cewa nake: "Me ya faru a shekarar da ka yi wannan waƙa?" Mai hankali zai gane sauran.

In ya yi shiru kada ka yi gaggawar cike wurin, sau da yawa maganar kirki tana bayan shirun. Kuma ka nisanta makirfo daga kalangu, in ba haka ba kiɗa zai cinye muryar.

Ran Juma'a bayan la'asar zan je gidan wani mai gurmi. Ka zo da rakodarka, ka sayo goro a hanya.

Yayanka a wannan aiki,
daga Maradi