Jami'o'inmu Su Buɗe Wa Malamai Digirin Addini Da Manufofin Gwamnati

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin shugabannin jami'o'inmu na Arewa kan wani giɓi da na daɗe ina gani a karatun limamai, masu wa'azi da fastoci, wato rashin wani tsari na digiri na biyu da zai haɗa musu ilimin addini da sanin yadda gwamnati ke tsara manufa, ta ware mata kuɗi, ta kuma aiwatar da ita.

Irin wannan tsari yana nan a wasu jami'o'in Amurka kamar Duke da Shikago. A Duke, digirin tauhidi da ake yi domin zama fasto yana ɗaukar shekara 3, na nazarin manufofin gwamnati kuma shekara 2, amma wanda ya haɗa su sai ya kammala cikin shekara 4 da takardun shaida biyu. Yana karatun littafin addininsa, yana kuma zama a ajin tattalin arziki, ƙididdiga da kasafin kuɗi tare da waɗanda gobe za su riƙe ma'aikatu. A ganina mun fi su buƙatar wannan, domin a nan maganar da liman ya yi a kan mumbari ranar Juma'a ta fi sanarwar kwamishina isa gidajen mutane.

Duk wanda ya yi wayo a 2003 zai tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, Zamfara da Kaduna. Zargin da jama'a suka yi, cewa an gurɓata rigakafin da maganin hana haihuwa, yana da mafari, domin ba a manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi kan yara a Kano a 1996 ba. Sai dai kafin Kano ta koma rigakafin a 2004, cutar ta riga ta bazu, daga baya har ta kai Sudan, Yaman da Indunusiya. Malamai da sarakuna ne kuma suka shiga gaba aka shawo kan iyaye, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020. Da a ce a wancan lokaci muna da malamai ko da goma da jama'a suka amince da addininsu, waɗanda kuma za su iya karanta rahoton ɗakin gwaji su yi wa hukuma tambayar da ta dace, ina kyautata zaton da ba a kai shekara ana jayayya ba, da yara da yawa kuma suna tafiya da ƙafafunsu yau.

Yanzu ma aikin ya ƙaru. Malamai ne ke shugabantar hukumomin Hisba da na zakka da waƙafi a jihohi irin su Kano, Zamfara da Sakkwato, kuma waɗannan hukumomi ne masu ma'aikata, kasafi da mai binciken kuɗi. An kafa hukumar kula da ilimin almajirai ta ƙasa a 2023. Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, dokar da ba za ta yi aiki ba sai limamin da ke ɗaura auren ya fahimce ta ya yarda da ita. Na taɓa raka limaminmu zaman jin ra'ayin jama'a kan wani ƙudurin doka. Mutum ne da ya sauke littattafan fiƙihu tun ina yaro, kuma da ya miƙe ya yi magana kan hukuncin shari'a, babu wanda ya iya ja da shi. Amma da aka shiga sashen da ke fayyace wa zai naɗa shugabannin hukumar da ƙudurin ya shafa da kuma inda kuɗinta zai fito, sai ya yi shiru, alhali a nan ne ainihin rigimar take. A mota ya ce mini, da baƙin ciki a muryarsa, ba a taɓa koya masa karanta irin wannan takarda ba.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu nake kawowa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam domin ya nuna wa masu mulki yadda ake tafiyar da al'umma, kuma makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, alƙalai take horarwa domin aikin hukuma. Mu ne muka raba karatun biyu daga baya, muka tura ɗaya tsangayar addini, ɗaya tsangayar kimiyyar zamantakewa.

Kayan aikin kuma muna da su. Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin addinin Musulunci, tana da Gidan Mambayya, cibiyarta ta nazarin dimokuraɗiyya. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Cibiyar Nazarin Shari'a da tsohuwar cibiyar koyar da harkokin mulki a Kongo. A Filato, kwalejin tauhidin Kirista ta TCNN da ke Bukuru maƙwabciya ce ga cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa da ke Kuru. Abin da ya rage shi ne sassan su zauna su tsara manhaja ɗaya.

Na san za a ce wannan hanya ce ta ƙera malaman fada, masu halatta wa gwamna duk abin da ya ga dama. Tsoron yana da tushe, shi ya sa nake ganin bai kamata gwamnatin jiha ta zaɓi ɗaliban ko ta biya musu kai tsaye ba. A bar wa jami'a zaɓe, kuɗin kuma ya fito daga waƙafi ko asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund. Amma malamin da bai san kasafi ba ya fi sauƙin ruɗa, domin za a gina masa masallaci ya yi godiya, bai san an zaftare kason asibitin unguwarsu ba. Sharaɗi na biyu shi ne a buɗe ƙofa ga malaman zaure, waɗanda yawancinsu ba su da digirin farko amma su ne ke da mabiya, ta hanyar difloma ta share fage da ake koyarwa da Hausa da Larabci tare da Turancin karanta doka.

Ina kira ga majalisun gudanarwa na waɗannan jami'o'i da su kafa kwamitin haɗin gwiwa tsakanin sassan biyu, su gayyaci Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar Kiristoci ta CAN su ba da shawara, sannan su miƙa manhajar ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa domin amincewa.

Wassalam.

Mai karatu,
daga Zariya, Jihar Kaduna