Wasiƙar Godiya Ga Kamfanin Haɗa Sola Da Ya Karɓi Ɗalibanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai kamfani, da Injiniya, da duk ma'aikata har masu gadi da direbobi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu malaman sana'a da malaman ba da shawara, tare da kwamitin iyayen yara, mun ga ya dace mu yi wannan godiya a bainar jama'a. Yaba kyauta tukwici, kuma muna so sauran masu sana'a a Kano su ji yadda kuka tsara ziyarar koyon aiki da ɗalibanmu suka kawo muku, don ko su ma za su buɗe wa makarantun unguwarsu ƙofa.

Tun 2011 aka shigar da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare, aka fara rubuta su a jarrabawar WAEC a 2014. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta rage su zuwa shida, haɗa sola na cikinsu. Amma darasin sana'a ba ya yiwuwa da alli da allo kaɗai, makarantu da yawa kuwa ko fanel ɗaya ba su da shi. Ranar zaɓen sana'a da aka saba yi, inda ake tara yara a babban ɗaki likita da lauya su yi jawabi su tafi, ba ta cike wannan giɓi. Yaro zai tafa, ya fita bai san me ake yi da hannu a kowane aiki ba.

Abu na farko da muka yaba shi ne sharuɗɗan da kuka gindaya kafin yaro ɗaya ya taka harabarku: takardar amincewa mai sa hannun uba ko mariƙi, malami namiji da malama mace tare da kowane rukuni, ɗalibai shida a teburi ɗaya da ma'aikaci ɗaya, kuma ba wanda zai hau rufi. An kafa musu fanel a ƙasa bisa ƙarfe. An sa kowa ya cire zobe da agogo da awarwaro kafin ya matsa kusa da batir, aka gaya musu dalili: ƙarfe in ya haɗa kawunan batir biyu, nan take yake yin ja ya ƙona fata. 'Yan mata aka nuna musu yadda za su tattare hijabi don kada ya kama wani abu. Wannan kulawa ce ta sa iyaye da dama da suka yi ɗari-ɗari da farko suka saki jiki.

Inda muka fi jin daɗi shi ne da Injiniya ya hana a taɓa sukudireba sai an yi lissafi. Ya ba kowane teburi gida na misali: ƙwan lantarki 6 masu wat 10 na awa 6, fanka 2 masu wat 60 na awa 8, talabijin mai wat 80 na awa 4, sai cajin waya kamar wat 60 na awa ɗaya. Yara suka ninka suka tara, aka samu 360 da 960 da 320 da 60, jimla wat-awa 1,700 a rana, wato wat da aka ninka da awa. Aka ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda abin da ke salwanta a inbata da waya da zafi, ya kai kusan 2,200. Aka raba da awa 5 na cikakkiyar rana, ya ba da kimanin wat 440, ke nan fanel ɗaya mai wat 550 ya ɗauki gidan har da rara. Sai batir: mai bolt 12 da am 200 yana riƙe wat-awa 2,400, amma in mai ruwa ne rabi kawai ake sha idan ana so ya yi ƙarko, don haka biyu ake bukata. Batirin litiyam ana shan kashi 80 ko fiye, shi ya sa tsadarsa ba ta banza ba ce. Ɗaliban da ke gudun darasin lissafi su ne suka fi rige-rigen fitar da amsa, domin a nan sun ga in an yi kuskuren ninkawa, wutar wani magidanci ce za ta ɗauke da ƙarfe biyun dare.

Daga nan aka koma haɗi. Sun koyi cewa batir ake fara haɗawa da kwanturola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, sannan fanel, wajen kwancewa kuma fanel ake fara cirewa. Sun auna fanel mai wat 550 da mita, suka ga yana ba da bolt kusan 50 in ba a ɗora masa komai ba. Uku a siris, wato an jona su ɗaya bayan ɗaya bolt ɗinsu na taruwa, sun kai 150, kwanturolar da iyakarta 100 kuwa ƙonewa za ta yi. Ko biyu ma a bakin iyaka suke, musamman da safiyar hunturu, don sanyi yana ɗaga bolt. An kuma nuna musu bambancin kwanturola iri biyu, PWM da MPPT, a kan batir mai bolt 24: ta farko tana janyo fanel ƙasa zuwa ma'aunin batir, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi, ta biyu kuwa tana juya rarar ta zama caji. Wata ɗaliba ta ɗora murfin kwali a gefen fanel, kowa yana kallon lambar kwanturola, wat ɗin ya zube fiye da girman wurin da aka rufe nesa ba kusa ba. Ba wanda ya sake tambayar me ya sa ba a kafa fanel kusa da tankin ruwa ko ƙarƙashin darbejiya. A Kano kudu ake fuskantar da shi, a karkata shi kamar digiri 12 zuwa 15, a bar tazara tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa, saboda zafin Afrilu kaɗai yana iya cinye fiye da kashi 10 na abin da aka rubuta a bayansa. Ƙurar hunturu kuma sai wanki da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Sai teburin kayan da suka lalace, wanda a ganinmu shi ne mafi amfani a duk shirin. Ba kowane ɗan kasuwa ne zai baje wa baƙi ɓarnar sana'arsa ba. Akwai batirin da ya kumbura saboda an haɗa sabo da tsoho, da wanda ya mutu saboda an zuba masa ruwan rijiyar burtsatse maimakon tataccen ruwan batir. Akwai inbatar da aka jona wa dutsen guga da firij a lokaci ɗaya, alhali firij yana fizgar ninkin wutarsa sau da yawa a daƙiƙar tashi. Akwai wayar da robarta ta narke: wat 1,000 a bolt 12 ya haura am 80, siririyar waya ba ta iya ɗauka, sai mai kaurin murabba'in milimita 16 ko 25 zuwa sama tsakanin batir da inbata. Aka miƙa wa yara waya biyu masu kama ɗaya da reza, suka kankare. Ɗaya ja ce har ciki, ɗayar da aka taɓa ta sai fari ya bayyana, alminiyam ce aka lulluɓe da tagulla. Mai sito ya ce musu ita ce mafi arha a kasuwa, kuma ita ce ba ta shiga sitonku. Tarbiyya ce wannan, ba sana'a kaɗai ba, kuma mun gode da ita.

Kun kuma zagaya da su ofis. Sun ga akanta tana fitar da farashin aiki, da mai zana tsarin waya a kwamfuta, da mai amsa kiran kwastoma, da mai walda ƙarfen ɗora fanel. Da yawa sun shigo da zaton cewa kamfanin sola masu hawa rufi ne kawai. An faɗa musu hanyoyin shiga ba tare da zuzutawa ba. Mai son digiri ko difloma a lantarki sai ya samu kiredit biyar har da Lissafi da Fiziks da Turanci, ya rubuta JAMB, kuma zai yi SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, a wuri irin naku. Mai son hannu kai tsaye yana da jarrabawar fasaha da sana'a ta NABTEB, da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago daga mataki na uku zuwa na ɗaya, da shaidar ƙwarewa ta NSQ da ke ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha ta NBTE a Kaduna. Ba ku ɓoye musu wahalar ba: rana, tsayi, tafiyar ƙauye, da kwastoman da zai ƙara kaya a ɓoye sannan ya ce batir ne ba shi da kyau. Wasu ɗalibai sun fito suna cewa wannan ba aikinsu ba ne. Mu a wajenmu wannan ma riba ce, gara yaro ya gane yanzu da ya gane bayan ubansa ya biya kuɗin makaranta na shekara biyu.

Mun sani ba kyauta kuka samu lokacin ba. Ma'aikacin da ya tsaya da yara, aikin kuɗi ya bari. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare ma'aikatanku a bisa rufi da kan hanya.

Roƙonmu guda biyu ne. Zango mai zuwa muna so a fara da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, domin a nan ne yaro ke zaɓen kimiyya ko kasuwanci ko adabi, kuma wanda bai ɗauki Fiziks a aji huɗu ba, ƙofar injiniya ta riga ta yi masa wuya. Na biyu, in akwai fanel mai tsagaggen gilashi da tsohuwar kwanturola da ba za su koma gidan kwastoma ba, a taimaka wa ɗakin sana'armu da su. Makaranta za ta ɗauki nauyin mota da takardun iyaye, kuma za mu aiko da jerin sunaye mako biyu kafin ranar.

Wassalam.

Naku,
Malaman sana'a da na ba da shawara, tare da kwamitin iyayen yara,
wata sakandaren je-ka-ka-dawo a birnin Kano.